Yadda ma'aikaciyar jinya mai aikin dare za ta shawo kan ƙwannafi

Ƙwannafi yana cikin larurorin da ma'aikatan jinya suka fi yi wa riƙon sakainar kashi, domin maganin da ke kwantar da shi na ɗan lokaci yana kusa da hannu, kuma wadda take tsaye a kan mai naƙuda ko wanda aka fito da shi daga tiyata ba ta ganin zafin ƙirjinta ya kai abin da za a tsaya a kansa. A asibitocin Kaduna da ba sa rufe ƙofa, tun daga Asibitin Koyarwa na Barau Dikko da na Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, zuwa na Gwamna Awan a Kakuri da Asibitin Sojoji na 44, har da ƙananan asibitocin kuɗi da ke cikin unguwanni, aikin dare yakan fara wajen ƙarfe 8 ko 9, ya ƙare da miƙa aiki wajen ƙarfe 7 ko 8 na safe, kuma akan jera darare kafin a sami hutu. Shawarar da aka saba ba mai ƙwannafi, wato ya daina cin abinci idan dare ya yi, an tsara ta ne domin mutumin da yake barci da dare. Abin da ya kamata mai aikin dare ta riƙa ƙirgawa shi ne tazarar da ke tsakanin cinta na ƙarshe da lokacin da za ta kwanta, ko da kuwa lokacin ƙarfe 10 na safe ne, kuma a kan wannan tazara aka gina kusan duk abin da zai biyo baya. Zan yi magana da lamirin mace saboda mata sun fi yawa a wannan aiki, amma bayanin ya shafi maza ma'aikatan jinya ma.

Abin da ke faruwa a ciki

A ƙarshen bututun da abinci ke bi daga maƙogwaro zuwa tumbi, wanda tsawonsa ya kai kusan santimita 25 a jikin baligi, akwai wani zoben nama da ke buɗewa idan an haɗiyi loma, sannan ya tsuke. Bangon tumbi yana da yauƙi mai kauri da ke kare shi daga asid ɗin da yake fitarwa, amma bututun ba shi da irin wannan kariya, shi ya sa idan zoben ya saki a lokacin da bai kamata ba, ko matsin cikin ya fi ƙarfinsa, asid ya hau sama, sai a ji ƙuna a bayan ƙashin ƙirji, wani lokaci har da ruwa mai tsami ko ɗaci a baki. Abu uku ne ke mayar da asid ɗin inda ya fito: kasancewar mutum a tsaye ko a zaune, da yawan haɗiya, da kuma yawu wanda ke rage kaifinsa. Da mutum ya kwanta barci, ukun duka sukan ja baya lokaci guda. Tumbin da ya cika kamar kwalba ce da murfinta bai rufu sosai ba, wadda ba ta zuba muddin tana tsaye, amma da an kwantar da ita sai ta fara ɗiga.

Aikin dare yana ƙara wa wannan al'amari nauyi ta fuskoki da dama. Tumbi yana da nasa agogo da bai san jadawalin aiki ba: yakan fi fitar da asid daga farkon dare zuwa tsakiyarsa, kuma abincin da aka ci da dare yakan fi daɗewa kafin ya wuce zuwa hanji idan aka kwatanta da irinsa da aka ci da safe. Rashin isasshen barci yana sa bututun ya fi saurin jin zafin asid, shi kuma ƙwannafi yana katse barci, sai kowanne ya riƙa rura wutar ɗan'uwansa. Gajiya tana sa sha'awar maiƙo da zaƙi, ƙiba ta taru a ciki, tumbi ya ƙara matsuwa. Sannan ga shi kansa aikin: sunkuyawa domin gyara gado, da juya majinyaci, da ɗaga shi daga keke zuwa gado, duk suna matsa ciki. Binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban ya nuna cewa masu aikin karɓa-karɓa sun fi masu aikin rana fama da wannan larura.

A fara tabbatar da abin da ake fama da shi

Ƙwannafin da ke zuwa jefi-jefi bayan an cika ciki ba cuta ba ne. Ma'aunin da ƙwararrun likitocin ciki suka fitar a shekarar 2006, wanda aka fi sani da ma'aunin Montiriyal, ya ɗauke shi a matsayin cuta idan ya kai ga damun mutum ko ya jawo illa, kuma a ƙiyasinsu hakan yakan kasance idan mai sauƙi yana zuwa kwana 2 ko fiye a mako, ko mai tsanani yana zuwa fiye da kwana ɗaya a mako. Wani lokaci yakan zo da busasshen tari da ya ƙi jin magani, ko dashewar murya bayan tashi daga barci, ko zaizayewar haƙora ta ciki.

Akwai alamomin da idan an gan su ba a tsayawa gyaran abinci ko gwada magani, sai ganin likita: abinci yana tsayawa a ƙirji ko haɗiya tana zafi, rama ba tare da dalili ba, amai mai jini ko mai yawan dawowa, bayan gida baƙi ƙirin ga wadda ba ta shan maganin ƙarin jini, ƙarancin jini, ko kuma larurar ta fara a karon farko bayan an haura shekara 50. Ma'aikaciyar jinya ta san waɗannan alamomi sarai idan majinyaci ne ya faɗa mata su, abin da ake roƙo shi ne ta yi wa kanta irin adalcin da take yi masa. Wanda ya fi gaggawa shi ne ciwon ƙirji da ya zo da gumi, ko sarƙewar numfashi, ko ya miƙa zuwa hannu ko muƙamuƙi. Wannan ana yi masa gwajin zuciya ne nan take, ko da tsakiyar aiki ne, domin ciwon zuciya a jikin mata da masu ciwon sukari yakan zo da kamar ƙwannafi, kuma lafawarsa bayan an sha maganin asid ba ta wanke zuciya daga zargi.

Idan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, matakin farko shi ne rubutu na mako 2, wanda zai haɗa da dararen aiki da kwanakin hutu. A rubuta lokacin kowane ci da abin da aka ci, da lokacin kwanciya, da lokacin da ƙwannafi ya taso, a waya ko a ƙaramin littafin aljihu. Amfaninsa shi ne abincin da ke tayar da larurar ya bambanta daga mutum zuwa mutum, kuma na fi son a gano abu biyu ko uku da ke cutar da ita a bar su, a kan a haramta wa kai rabin abincin gida a kasa ɗorewa.

Tsara cin abinci daga lokacin kwanciya zuwa baya

A ɗauki misalin wadda take karɓar aiki ƙarfe 8 na dare, ta miƙa ƙarfe 8 na safe, ta isa gida a Rigasa ko Kawo ko Sabon Tasha wajen ƙarfe 9, ta kwanta kafin ƙarfe 10. Ƙa'idar likitoci ita ce a bar awa 2 zuwa 3 tsakanin ci da kwanciya, kuma ga wadda larurar ta riga ta kama, awa 3 ta fi zama abin dogaro. Ke nan cinta na ƙarshe mai ɗan nauyi ya kamata ya kasance kafin ƙarfe 7 na safe, tana wurin aiki.

Babban abincinta na yini ya kasance wajen ƙarfe 5 da rabi zuwa 6 na yamma, a gida, a zaune, ba cikin sauri ba. Tuwo da miyar kuka ko ta taushe, ko shinkafa da wake, ko dafa-duka, duk babu laifi, in dai an rage mai da attaruhu kuma ba a ci har ciki ya ɗaure ba. Cin da wuri yana ba tumbi lokaci ya rage kaya kafin ruku'u da sujada na Magariba da Isha'i, da kuma kafin zagayen farko na ɗakin marasa lafiya, inda sunkuyawa ta fi yawa. Kuskuren da ya fi yaɗuwa shi ne a wuce wannan abinci saboda hidimar gida da saurin kama hanya, a shiga aiki da yunwa, sai ƙarfe 1 ko 2 na dare a aika wurin mai shayi na bakin asibiti a sayo indomi da soyayyen ƙwai, ko burodi da bota da shayi mai kauri, ko tsire da yaji. Wannan abinci ya haɗa maiƙo da yawa da yaji a daidai lokacin da tumbi ya fi jinkiri, kuma idan ɗakin ya yi shiru aka ɗan kishingiɗa bayansa, ƙwannafi ba zai rasa tasowa ba.

Maganin wannan shi ne a zo da abinci daga gida a ƙaramar kula, a raba shi gida biyu. Kashi na farko a ci wajen ƙarfe 11 zuwa 12, kuma kada ya wuce rabin abin da aka saba ci a zama ɗaya: dafaffen dankali ko doya, ko alale marar mai da yawa, ko 'yar shinkafa da ganye, ko dafaffen ƙwai da burodi. Daga ƙarfe 1 zuwa 4 da rabi a bar ciki ya huta gwargwadon iko, a riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan maimakon a shanye leda biyu lokaci guda, idan yunwa ta matsa a ci ayaba ɗaya ko 'yan biskit marasa maiƙo. Kashi na biyu, wanda shi ne karin kumallo na gaskiya, a ci shi wajen ƙarfe 5, gab da Asuba ko da an idar da ita. Na zaɓi wannan lokaci ne da sanin cewa daga nan zuwa miƙa aiki babu sararin zama, saboda awon zafin jiki da hawan jini, da magungunan safe, da gyaran majinyata, da rubuta rahoto. Wadda ta ce sai ta gama waɗannan za ta ci, a gida za ta ci, kuma a nan matsalar take.

Abincin da ake tararwa a gida bayan aikin dare shi ne, a ganina, ya fi kowane jawo ƙwannafi, kuma shi ne aka fi mantawa da shi, saboda ana kallonsa a matsayin karin safe, ba a matsayin abincin kwanciya ba. Koko mai tsami da ƙosai, ko waina da miya, ko ɗumame, ko shayi da soyayyen dankali, idan aka ci su ƙarfe 9 aka kwanta 9 da rabi, daidai suke da mutum ya cika ciki da tsakar dare ya faɗa gado. Fura da nono ma tana cikin wannan sahu, domin tana cika ciki kuma tana saukar da barci nan da nan, don haka a ajiye ta sai an tashi. Idan an iso gida da yunwar da ba za ta bari a yi barci ba, a sha rabin kofi na kunu marar tsami ko a ci ayaba, a yi wanka, a ɗan zauna, sannan a kwanta. Yana da kyau a yi wa mutanen gida bayani tun da wuri, musamman maigida ko surukar da ta saba ajiye mata kwano, domin kada ƙin cin ya zama abin ɓacin rai: a roƙe su su ajiye mata rabonta sai Azahar ko La'asar.

Bayan kowane ci a wurin aiki, a yi ƙoƙarin jinkirta aikin da ke buƙatar doguwar sunkuyawa na ɗan lokaci, a ɗaga gadon majinyaci idan yana ɗaguwa, a durƙusa da gwiwa maimakon lanƙwasa ƙugu. A sassauta bel da siket da duk abin da ke ɗaure ciki, har da ɗamarar da wasu ke sawa bayan haihuwa. Taunar cingam marar sukari na kusan rabin awa bayan ci yana ƙara yawu, sai dai a guji mai ɗanɗanon na'ana'a, domin na'ana'a tana sassauta zoben. Idan an sami damar runtsawa ta minti 20 zuwa 30, a yi ta a kan kujera a jingine, ba a miƙe a kan benci ko tabarma ba.

Shayi da kofi da goro

Hujjar cewa shayi ko kofi suna tayar da ƙwannafi ba ta zo daidai ga kowa ba, wasu suna sha lafiya, wasu kofi ɗaya ya ishe su, kuma rubutun mako 2 zai raba gardama. Abin da babu shakka a kansa shi ne illarsu ga barci. Sinadarin kafin da ke cikin kofi da shayi da goro da lemon ƙara kuzari yana ɗaukar kimanin awa 5 kafin rabinsa ya fita daga jini, saboda haka kofin da aka sha ƙarfe 5 na asuba domin a ƙarasa aiki yana nan da ƙarfinsa lokacin da ake neman barci. A sha abin da za a sha a farkon dare, a tsaya wajen ƙarfe 2 ko 3. Goro yana ƙara fitar asid, kuma taunarsa a kan yunwa ta fi muni. Lemon kwalba mai gas yana kumbura tumbi ya jawo gyatsa, kowace gyatsa kuwa buɗewar zoben ce. Zoɓo da kunun tsamiya da lemon tsami suna ƙona bututun da ya riga ya ji rauni. Madara tana sanyaya ƙirji na ɗan lokaci, amma mai maiƙo takan dawo da ƙunar daga baya. Taba da shisha suna sassauta zoben kuma suna rage yawu, barinsu yana cikin magani.

Gyaran wurin kwanciya

A ɗaga gado ta wajen kai da santimita 15 zuwa 20, ta hanyar sa katako mai kauri ko bulo a ƙarƙashin ƙafafunsa biyu na sama, yadda jiki duka zai gangara. Tara filo biyu ko uku ba ya biyan wannan buƙata, domin wuya da kafaɗa kawai yake ɗagawa, ya lanƙwasa mutum a ƙugu, ciki ya ƙara matsuwa. Wadda katifarta take ƙasa za ta iya sa masu aikin kujeru su yanka mata soso mai tauri wanda ya yi tudu ta gefe ɗaya ya sirance ta ɗaya gefen, tsawonsa daga kai zuwa ƙugu, ta sa shi a ƙarƙashin katifar.

Kwanciya a kan hagu tana rage hawan asid, saboda a haka mahaɗar bututun da tumbi takan kasance sama da abin da ke cikin tumbin, a kan dama kuwa takan koma ƙasa da shi. Da yawa daga cikinmu mun saba kwanciya a kan dama saboda koyarwar addini, kuma wadda larura ta matsa wa za ta iya farawa da dama ta yi addu'o'inta, sannan ta juya hagu idan barci ya zo. Barcin rana a Kaduna yana da wuya, musamman a zafin Maris da Afrilu idan babu wuta, ga hayaniyar unguwa da sallamar baƙi. Labule mai kauri, da kashe ƙarar waya, da sanar da maƙwabta lokacin barcinta suna taimakawa, kuma idan awa 7 ba ta samuwa a jere, a raba ta biyu, a ƙara wani barcin kafin La'asar, amma kafin babban abinci, ba bayansa ba. A guji neman barci da ƙwayoyi irin su diazepam, domin suna hana ɗan farkawar da ke sa mutum ya haɗiyi yawu idan asid ya hau, sai ya daɗe yana ƙona bututun ba a sani ba. Idan an farka da tsami a baki, a kurkure da ruwa, a jinkirta buroshi ko aswaki na kusan rabin awa, saboda asid yana tausasa ɓawon haƙori.

Magunguna

Magungunan da ke kashe kaifin asid nan take, irin su ruwan magnesium trisilicate da ake bayarwa a asibitocinmu, suna aiki cikin mintoci amma ba sa daɗewa, kuma ba sa warkar da raunin bututu. Masu sinadarin alginate, kamar Gaviscon, suna yin wani kumfa a saman abin da ke cikin tumbi, don haka sun dace da bayan ci da gab da kwanciya. A tuna cewa irin waɗannan suna hana jiki tsotsar magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su ciprofloxacin da doxycycline, da kuma maganin ƙarin jini, sai an raba su da aƙalla awa 2. Wadda ta ga kwalba ba ta yi mata mako ba, ta wuce matakin da wannan magani zai ishe ta.

Omeprazole da danginsa, wato esomeprazole da pantoprazole da rabeprazole, su ne suka fi ƙarfi, amma sai an sha su daidai. Suna kama 'yan famfunan da ke fitar da asid a bangon tumbi ne a lokacin da abinci ya tayar da su, shi ya sa ake shan su minti 30 zuwa 60 kafin ci, kuma sukan ɗauki 'yan kwanaki kafin su kai cikakken ƙarfinsu. Haɗiyar ƙwaya ɗaya ƙarfe 3 na dare bayan ƙirji ya riga ya kama wuta ba ta kawo sauƙin da ake nema. Ga mai aikin dare, abin da ya fi dacewa shi ne ta ɗaure maganin da babban abincinta na yamma, ta tattauna da likita a kan yadda za ta riƙe lokacin idan ta koma aikin safe. Tsarin da aka saba shi ne sau ɗaya a rana na mako 8, sannan a duba a ga ko za a rage ko a tsaya. Tsayawa farat ɗaya bayan an daɗe ana sha yakan sa asid ya dawo da ƙarfi na ɗan lokaci, shan su shekara da shekaru ba tare da bibiya ba kuma yana iya rage bitamin B12 da magnesium a jiki. Famotidine, wani maganin rage asid na daban, yana taimakawa kafin kwanciya, sai dai jiki yana sabawa da shi idan ana sha kullum. Ɗan'uwansa ranitidine kuwa hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta nemi a janye shi daga kasuwa a watan Afrilun 2020 saboda wani gurɓataccen sinadari da aka samu a cikinsa, don haka ko an ga ragowarsa a kemis a bar shi.

Ya kamata a duba sauran magungunan da ake sha. Ciwon baya da na ƙafa abokan wannan aiki ne, kuma ibuprofen da diclofenac da piroxicam da ake sha dominsu suna cin bangon tumbi da na bututu, musamman a kan yunwa. Paracetamol ya fi sauƙi ga ciki. Nifedipine da amlodipine na hawan jini suna sassauta zoben, amma ba a barinsu da ka, likita ake gaya wa ya duba ko akwai madadi. Doxycycline da ƙwayar ƙarin jini idan aka haɗiye su da ɗan ruwa aka kwanta suna iya maƙalewa su ƙona bututun, saboda haka a sha su da cikakken kofi na ruwa ana zaune. Jiƙa kanwa a sha, wanda iyayenmu suka saba yi, yana kwantar da ƙunar na ɗan lokaci, amma kanwa cike take da sinadarin gishiri, tana kumbura ciki da iska, kuma haɗari ce ga mai hawan jini da mai ciki da mai jego. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa.

A wurinmu kusan kowane zafin ciki olsa ake kiransa, amma gyambon ciki da hawan asid larurori ne daban, ko da yake suna iya haɗuwa a jikin mutum ɗaya. Ƙwayar cutar H. pylori da ke jawo gyambo ta yawaita a Nijeriya, kuma ana gano ta da gwajin bayan gida ko na numfashi. Kafin gwajin sai an dakatar da omeprazole na mako 2, da magungunan kashe ƙwayoyin cuta na mako 4, in ba haka ba sakamako zai iya nuna babu alhali akwai. Haɗa wa kai magungunan kashe ta ba tare da gwaji ba yana ƙara mata taurin kai ne kawai.

Mai ciki da mai azumi

Mai juna biyu tana da ƙarin dalili biyu: sinadarin jikin da ke riƙe ciki yana sassauta zoben, mahaifa kuma tana tura tumbi sama yayin da take girma. Ƙananan abinci sau da yawa da ɗaga gado su ne matakin farko, magani kuwa sai wanda aka amince mata da shi a wurin awo.

A watan Ramadan mai aikin dare tana da wata sa'a da mai aikin rana ba shi da ita, domin tsakanin sahur da kwanciyarta akwai awa 4 ko fiye. Inda ake samun matsala shi ne buɗa baki, lokacin da ƙosai da soyayyen dankali da kunun tsamiya da zoɓo suke haɗuwa a cikin da ya wuni babu komai, ga kuma saurin tafiya aiki. A buɗa da dabino da ruwa, a yi Magariba, a ci matsakaicin abinci, a tafi da sauran a kula domin wajen ƙarfe 11. Omeprazole ya fi sauƙin sha rabin awa kafin sahur. A kwanakin hutu kuwa, komawa barci nan take bayan Asuba da cikin sahur yana dawo da matsalar, sai a rage nauyin sahur ɗin ko a ɗan jima a zaune.

Abin da ya shafi jadawalin aiki

Wani ɓangare na wannan larura ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Idan ma'aikaciya ɗaya ko biyu ne a kan ɗaki cike da majinyata, cin abinci a kan lokaci yakan zama sai an yi dabara, kuma ƙarancin ma'aikata, wanda ficewar da yawa zuwa ƙasashen waje ta ƙara tsananta, ba a ɓoye yake ba. Duk da haka abokan aiki biyu za su iya yin yarjejeniya tun farkon dare cewa kowace za ta riƙe wa ɗaya minti 15 zuwa 20 sau biyu, wajen ƙarfe 11 da wajen ƙarfe 5. Jadawalin da ke tafiya gaba, daga safe zuwa rana zuwa dare, ya fi sauƙi ga jiki a kan wanda ke komawa baya, kuma rage yawan dararen da ake jerawa yana rage bashin barci. Waɗannan batutuwa ne da suka cancanci a kai su gaban metiron da reshen ƙungiyar ma'aikatan jinya da ungozoma ta ƙasa a asibiti, cikin ladabi da hujja. Wadda likita ya tabbatar mata da raunin bututu tana iya neman takarda daga gare shi domin a sassauta mata aikin dare har ta gama magani.

Rage ƙiba, ga wadda take da ita, yana cikin matakan da hujjarsu ta fi ƙarfi, kuma ko 'yan kilo kaɗan suna kawo sauƙi, musamman idan daga ciki suka sauka. Idan an kiyaye tazarar awa 3, an ɗaga gado, an sha magani daidai na mako 8, amma ƙwannafi bai tafi ba, ko ya dawo da zarar an tsaya, lokaci ya yi da za a nemi likitan ciki domin a leƙa bututun da tumbi da na'urar endoskofi, wadda ake yi a manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Asid da ya shekara yana hawa yana iya ƙuntata bututun, ko ya sauya fatar cikinsa zuwa yanayin da ake kira Barrett, wanda ke buƙatar bibiya saboda a wasu mutane kaɗan yana kaiwa ga ciwon daji. Ranar ganin likitan a tafi da rubutun mako 2, da kwafin jadawalin aiki, da sunayen duk magungunan da ake sha, har da na gargajiya da waɗanda aka saya a kemis, sannan a tambaye shi tun kafin ranar gwajin ko yana son a dakatar da omeprazole, domin maganin yana iya ɓoye raunin da ake son gani.